Jarumin da ba ya kwana da ciwo

Jiya da daddare na ƙarasa ɗaya daga cikin littattafan Jack Reacher, kwana biyu kacal ya ɗauke ni duk da aiki, kuma gaskiya na ji daɗinsa, amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da jerin nan tun da na dawo Suwidin da zama na fara karanta nasu labaran 'yan sandan.

Lee Child, marubucin jerin, ya iya riƙe mai karatu, wannan kam ba musu. Tun 1997 da na farko ya fito salon bai canza ba, Reacher tsohon manjo ne na 'yan sandan soja, ƙato, ba gida ba mota ba jaka sai buroshin goge baki a aljihu, ya sauka daga bas a wani ɗan ƙaramin gari na Amurka ya tarar ana zalunci ya gyara musu zama ya ƙara gaba. Kafin faɗa ma sai ya tsaya ya yi lissafi a ransa, su nawa ne, wane ne babbansu, in aka fara kayar da shi su waye za su ari na kare. Wallahi a jirgin ƙasa nake karantawa, nan a Disamba ƙarfe uku na rana duhu ya fara rufewa, ban ma san mun iso tasha ba sai da kowa ya miƙe.

To amma gabana bai taɓa faɗuwa saboda shi ba, ko sau ɗaya. Na san zai ci, na san ko an ji masa rauni littafi na gaba galibi garau zai fito kamar ba a yi ba.

Ku duba Martin Beck, ɗan sandan Suwidin a jerin da Maj Sjöwall da Per Wahlöö suka rubuta, littattafai 10 daga 1965 zuwa 1975. Mutumin nan kullum ciki na damunsa, ga mura, aurensa yana lalacewa a hankali kana gani har suka rabu. A na farko an tsamo gawar wata mata daga ruwa, watanni suka shuɗe ko sunanta ba su gano ba, sai rubuta wasiƙu da jiran amsa. A na bakwai aka harbe shi a ƙirji, kuma na takwas ya buɗe ne bayan ya yi sama da shekara yana jinya, ya dawo ofis jiki ba ƙwari. Harsashi ɗaya fa. Shi ya sa in Beck ya doshi wata ƙofa nake riƙe numfashi.

Na yarda wani lokacin labarin nasa yana jan ƙafa sosai, ranar da na dawo a gajiye Reacher nake ɗauka. Zan kuma sayi na gaba, musamman don in ga hannun ƙanin Lee Child, Andrew, da ya shigo rubutun tun 2020, ina dai fata a bar raunin nan ya bi shi sosai zuwa littafi na gaba, ya sauka daga bas yana ɗingishi.