Ba fiyano kaɗai ke jan ragama ba

Wani marubuci ya ce a kiɗan Turawa na mutum uku, wato fiyano da biyolin (ƙaramin gogen Turawa) da celo (babban gogensu mai kaurin murya), fiyano ne maigida, sauran biyun 'yan rakiya. A kiɗan da mawallafin kiɗa Haydn ya tsara, marubucin na da gaskiya, don sau da yawa celo bin sawun hannun hagun mai fiyano kawai yake yi. Amma daga Beethoven da Schubert, mawallafan kiɗa da suka biyo bayansa, zance ya sauya, kowane kayan kiɗa na da bakin magana. Ku saurari ƙungiyar Beaux Arts Trio, wadda ta fara a 1955 a Amurka, ta rufe a 2008. Menahem Pressler ya riƙe fiyanonta shekara 53 cur, amma na ga bidiyonsa yana juyo da kai yana kallon mai celo, yana sassauta yatsunsa don kada ya danne shi. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Kai kuma malam da ka rubuta a sharhinka cewa kiɗan nan ba shi da rai, don Allah ka taɓa zama ka ji guda ɗaya daga farko har ƙarshe?