Marubutan Beat: neman Ubangiji babu malami

Idan aka zo labarin marubutan Amurka da ake kira Beat, waɗanda suka tashi a shekarun 1950, shaye-shaye da yawon banza aka fi ambata. An yi shaye-shayen kam, babu musu. Amma ni a ganina neman Ubangiji ne ya hana su barci, sai dai yawancinsu zaƙin abin suke so, ɗawainiyarsa kuwa a kai kasuwa.

Jack Kerouac ɗan Katolika ne daga garin Lowell. Wajen 1954 ya faɗa karatun addinin Buddha daga littattafan laburare, shi kaɗai, babu mai ja masa baƙi. Daga nan littafinsa The Dharma Bums na 1958 ya fito. Giya ta kashe shi a 1969 yana da shekara 47, kuma a cocin Katolika na garinsu aka yi jana'izarsa.

Allen Ginsberg ya fi ba ni tausayi. Bayahude ne. A 1948, yana ɗakinsa a unguwar Harlem, ya ce ya ji muryar William Blake, mawaƙin Ingila da ya mutu tun 1827, tana karanta masa waƙa. Ya shafe shekaru yana haɗiyar ƙwayoyi don ya sake shiga wannan hali, har Indiya ya je a 1962. Mahaifiyarsa ta rasu a 1956, ba a karanta mata addu'ar mamata ta Yahudawa ba saboda maza goma ba su cika a maƙabarta ba, shi ne ya rubuta mata doguwar waƙarsa Kaddish, wato sunan wannan addu'a. Wannan ai ciwon addini ne a fili. Da ya samu malami a 1972, Chögyam Trungpa, malamin addinin Buddha ɗan Tibet, shi ma malamin mashayi ne na ƙin ƙarawa.

Duk wanda ya tashi kusa da zawiyya ya san ana cewa wanda ba shi da shehu, Shaiɗan ne shehunsa. Ko ba ka yarda da ɗariƙa ba, ka san muridi wuridi yake yi kullum, ba jiran wani hali ya sauko masa ba. Cikin marubutan Beat, Gary Snyder ne ya ɗauki wannan wahala: ya tafi birnin Kyoto na Japan a 1956, ya koyi Japananci, ya yi shekaru a gaban malamin Zen, wani reshe na addinin Buddha. Shi ya sa na fi yarda da waƙoƙinsa.

Inda wannan son zaƙi babu ɗawainiya ya shafe mu shi ne batun Rumi, mawaƙin Sufaye da ya yi rubutu da Farisanci. Waƙoƙinsa da ake yaɗawa da Turanci, akasarinsu fassarar Ba'amurke Coleman Barks ce, mutumin da bai iya karanta Farisanci ba, kuma ayoyin Alƙur'ani da ambaton Annabi (SAW) sun zube a hanya. Rumi kuwa malamin fiƙihu ne a Konya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Yaranmu na ɗora waɗannan baitoci a Facebook suna zaton kalamansa ne.