Nasiha ga Matasa Masu Wasan Intanet a Kan Riƙe Zuciya

'Yan uwana matasan Sakkwato, musamman masu haɗuwa a majalisun Mabera da Arkilla da Runjin Sambo bayan sallar isha'i domin buga PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty Mobile, ina so mu yi magana a kan fushin da ke biyo bayan shan kashi.

Ku duba yadda aka tsara wasannin nan tun farko. A babban zagayen PUBG mutum 100 ake saukarwa, a na Free Fire kuma 50, amma ƙungiya ɗaya tak, wadda ba ta wuce mutum 4 ba, ita ce ke kaiwa ƙarshe. Ashe ke nan faɗuwa ta fi nasara yawa ko a wajen gwani, kuma wanda ya shiga da tsammanin zai ci kowane zagaye ya tanadar wa kansa ɓacin rai tun kafin a fara.

Akwai kuma abubuwan da ba su hannunku. Duk harbin da ka yi sai saƙonsa ya je sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, wadda galibi tana wata ƙasa mai nisa, sannan ya dawo, don haka idan sabis ya yi rauni abokin hamayya zai riga ka ko da kai ka fara ganinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, waya kan rage ƙarfin aikinta da kanta don kada ta lalace, sai hoto ya riƙa tsayawa, balle idan tana jone da caji. Mene ne laifin abokin wasanka a nan?

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Za ka ji saurayin da ba ya iya ɗaga murya a gaban yayansa ya buɗe makirfo yana zagin iyayen wani don bai zo ya tashe shi da wuri ba bayan an harbe shi a wasan, alhali wanda ake zagin wataƙila ɗan sakandare ne da ya ari wayar gida. Wanda aka zaga ba ya ƙara ƙwarewa. Shiru zai yi, ya daina faɗin inda maƙiya suke, ƙungiyar ta watse. Shi kuma mai fushin sai ya ce "bari in rama", ya sake shiga da zafin kai, ya afka inda bai kamata ba, makinsa ya ci gaba da zubewa har tsakar dare, datarsa ta ƙare, asuba ta kuɓuce masa.

Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi, kuma wannan hukunci bai tsaya a bakin allon waya ba. Idan aka cinye ku sau biyu a jere, ku ajiye wayar ta huce, ku sha ruwa, in ya kama ku yi alwala. In za ku gyara wa abokin wasa, ku faɗi abin da za a yi a gaba, kamar wurin sauka da wanda zai tsare baya, ku bar tone-tonen abin da ya wuce. Baƙon da ya zo da zagi kuwa, ku rufe muryarsa ku kai ƙararsa ta maɓallin da aka tanada.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma daga alamominta akwai kasa dainawa duk da ana ganin illa. Wanda ya lura wasa ya fara cin karatunsa, ko sana'arsa, ko zumuncinsa, ya nemi wani babba da ya yarda da shi ya faɗa masa, ya kuma nemi ganin likita idan abin ya ƙi sauƙi.