Cabral: ya zaga gonaki kafin ya ɗauki bindiga

A majalisun Kano yanzu, daga Fagge har Ƙofar Mata, duk wanda ya sa kaki ya zagi Faransa sai matasa su ce ga ɗan juyin juya hali. 'Yan uwa, ku san Amílcar Cabral, jagoran yaƙin 'yancin Gini Bisau, tukuna.

An haife shi a Bafatá ta Gini Bisau a 1924, ƙasar tana hannun Fotugal. Ilimin noma ya karanto a Lisbon. Da ya dawo, turawan suka ba shi aikin ƙidayar gonaki a 1953. Ya bi ƙasar ƙauye-ƙauye, ya zauna da Balanta manoman shinkafa, ya ga zaman Fulani da sarakunansu, ya ga yadda manomi ke wahalar gyaɗa kamfanin Fotugal na kwashe riba. Bakano ba baƙo ba ne a wannan labari, dalar gyaɗarmu ma ba don cikinmu aka tara ta ba.

A 1956 shi da abokansa suka kafa PAIGC, jam'iyyar neman 'yancin Gini Bisau da Cape Verde. Ranar 3 ga Agusta 1959 jami'an tsaron Fotugal suka buɗe wa ma'aikatan tashar jirgin ruwa ta Pidjiguiti da ke birnin Bisau wuta suna yajin aiki, wajen mutum 50 suka mutu. Daga nan ya mai da gwagwarmayar karkara, aka yi shekaru ana wayar da kan manoma kafin yaƙi ya fara a Janairun 1963.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne taron da jam'iyyar ta yi a ƙauyen Cassacá a 1964. Wasu kwamandojinsa sun fara zaluntar ƙauyawan da suka ce sun zo 'yantarwa. Bai rufa musu asiri ba, aka hukunta su, ana tsakiyar yaƙi kuwa! A yankunan da suka ƙwato aka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, da kantunan da manomi zai kai shinkafa ya karɓi yadi da gishiri. Mu da aka kafa NEPU a garinmu a 1950, muka ga Malam Aminu yana koya wa talaka cewa a'a, wallahi bai kamata kaki da zafin baki su ruɗe mu ba.

Bai ga 'yancin ba. An harbe shi a Konakiri, babban birnin maƙwabciyar ƙasar Gini, ranar 20 ga Janairu 1973, kuma 'yan jam'iyyarsa ne suka ɗana kunamar. Duk da haka a 24 ga Satumban shekarar PAIGC ta ayyana 'yanci, kuma a Afrilun 1974 hafsoshin Fotugal da yaƙe-yaƙen Afirka suka gajiyar suka kifar da gwamnatinsu a Lisbon.