Godiyar da ba ma kawowa gaban ikilisiya

A sujadar Hausa da muka yi a Agege ranar Lahadin da ta wuce, ba da shaida ya ci kusan awa guda. Wani ɗan'uwa ya ɗaga makullin sabuwar mota, wata 'yar'uwa ta ce ɗanta ya sami bizar Ingila, 'yan Zumuntar Mata suka ɗauki waƙa, majami'a ta kaure da tafi. Ni ma na taya su murna da zuciya ɗaya. Amma a gefena akwai wata tsohuwa 'yar Kafanchan, fuskarta duk zanzanar agana, tana rungume da jikarta mai fata sumul. Babu wanda ya tashi ya gode wa Ubangiji domin wannan.

Abin da ke damuna ke nan. Mun saba gode wa Allah kan abin da ya bambanta mu da maƙwabci, mun manta alherin da ya sauko wa kowa da kowa. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa agana ta ƙare a doron ƙasa. A 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu, ciwon da yake kwantar da manomi a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa yana kallo. Iyayenmu sun yi azumi da addu'a kan waɗannan cututtuka. An amsa musu, mu kuma muka gāji amsar ba tare da mun ce uffan ba.

Wanda ya zo Legas kafin wayar salula ta shigo a 2001 ya san yadda ake ba direban motar shanu wasiƙa ya kai gida, ya san yadda labarin rasuwar uwa yake iso mutum bayan an daɗe da binne ta. Yau mai gadi a Ikeja yana tura kuɗin taki ƙauye kafin shayinsa ya huce.

A Luka sura 17, kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya tak ya dawo, shi ma Basamariye. Ban ɗauka tara ɗin nan mugaye ba ne. Lafiya ce ta zama musu abin yau da kullum tun kafin su isa gida. Maimaitawar Shari'a sura 8 ma ta ja kunnen wanda ya ci ya ƙoshi ya gina gida, kada ya ce ƙarfin hannunsa ne ya ba shi.

Wani zai ce, wace wadata, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin danfo, motar fasinja ta Legas, da na hayar gida suka fi ƙarfin talaka? Gaskiya ne, kuma godiya ba ta hana mu tambayar shugabanni haƙƙinmu. Wani kuma zai ce kawar da cututtukan nan aikin likitoci ne. Ƙwarai, su ma a gode musu, amma wa ya ba su basirar?

Da aka tashi na durƙusa na gaishe da tsohuwar. Na ce, "Mama, ku nawa ne a ɗakinku?" Ta ce su bakwai ne, agana ta ɗauke uku a rani guda. Ta gyara wa jikar hula, ta ce gobe za su asibiti a yi mata allurar rigakafi.