Binciken likitocinmu yana kan kanta, duniya ba ta san da shi ba

Assalamu alaikum. Yau maganata da likitocinmu ce, da malaman jami'a, da masu kula da ɗakunan karatu a asibitocin koyarwa.

Duk likitan da ke neman zama ƙwararre a Najeriya, ko ta kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, sai ya yi bincike ya rubuta kundi kafin jarrabawar ƙarshe. Haka ma ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin lafiya. Mutum ya yi shekara yana bin marasa lafiya gado-gado, yana ɗibar jini, yana cike takardu, sau da yawa da kuɗin aljihunsa. A ƙarshe a ɗinke kundin da bango mai tauri, a jera shi a kan kanta a ofishin shugaban sashe, shi ke nan. Bayan wasu shekaru wani a Sakkwato ya sake yin irin binciken da aka riga aka gama a Zariya, domin ba shi da hanyar sanin an yi. Wannan asarar tana ci mini rai, musamman da yake maganinta yana nan a intanet, kuma yawancinsa kyauta ne.

A ɗauki PubMed. Babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ne ke riƙe da shi, kuma tun 1997 aka buɗe wa kowa ba tare da biyan ko kwabo ba. Yana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35. Da wayar hannu likita a Birnin Kudu ko Maraɗi zai rubuta sunan cuta, ya ga abin da aka gano a kanta. Inda cikakkiyar maƙalar take a kulle sai an biya, akwai shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, wanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka mabuɗin shiga yana hannun mai kula da ɗakin karatu. Ɗalibi ya je ya tambaya, haƙƙinsa ne. Akwai kuma AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, inda mujallun Najeriya suke da yawa ƙwarai.

Amma ɗauka kawai muke yi. Zubawa fa? Abin da ba ya cikin waɗannan rumbuna, a idon masu tsara magani da masu ba da kuɗin bincike kamar ba a taɓa yin sa ba ne. Idan za a rubuta ƙa'idar yadda za a kula da wata cuta, masana sukan tattaro duk binciken da suka iya samu a intanet su auna shi. In na Kano da Katsina da Damagaram ba ya ciki, sai a yanke hukunci da alƙaluman wasu mutane masu wani abinci, wani yanayi, wani asibiti, sannan a aiko mana mu bi.

Ga abin da ke faruwa idan aka yi yadda ya kamata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ake haifa da cutar sikila, kimanin 150,000 a shekara. Cikin mugayen abubuwan da cutar ke jawowa akwai shanyewar ɓarin jiki tun yaro yana ƙarami. A ƙasashen masu hali, idan na'ura ta nuna yaro yana cikin haɗari, ƙarin jini ake yi masa kusan duk wata. Wane uba ne a ƙauye zai iya wannan, kuma ina jinin yake? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu suka haɗa hannu da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yaranmu, a asibitocinmu. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022, ya nuna ƙaramin ma'auni na maganin ma yana ba da kariya. An yi wa gwajin rajista a bainar jama'a, an buga sakamakon inda kowa zai same shi. Yau likita a Ghana ko Sudan mai irin matsalarmu yana iya karantawa ya amfana. Da a kan kanta aka ajiye, da amfanin bai wuce ƙofar asibitin ba.

Kayan tattara bayanai ma sun sauƙaƙa. Manhajar REDCap, wadda aka ƙirƙira a Vanderbilt a 2004, ana ba cibiyoyin bincike kyauta, kuma asibiti biyar za su iya zuba bayanai wuri guda ba tare da an yi ta yawo da takardu a mota ba. KoboToolbox kuwa yana aiki a waya ko babu sabis, sai an dawo gari bayanan su hau.

Akwai wani dalilin da ya sa mu mutanen Arewa ya kamata mu riƙe wannan lamari da hannu biyu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu. Sai a ƙarshen 2000 labarin ya bazu a duniya, bayan jaridar Washington Post ta tono shi. Illar rashin yardar da ya haifar mun gan ta a rikicin allurar shan-inna na 2003. A lokacin gwajin Trovan babu wani shafi da mutum zai buɗe ya ga wane gwaji ake yi, wa ya ba da izini, a kan su wa. Yanzu akwai ClinicalTrials.gov, shafin rajistar gwaje-gwajen magani na Amurka, tun 2000, akwai rajistar gwaje-gwaje ta Afirka, PACTR, kuma tun 2005 manyan mujallu ba sa karɓar gwajin da ba a yi wa rajista tun farko ba. Ɗan jarida ko ɗan majalisa a Kano yana iya rubuta sunan garinsa a ciki ya ga abin da ake gwadawa. Wannan kariya ce ga talaka.

Na san tsoron da ke zuciyar masu bincikenmu: ka saka aikinka a fili wani mai kuɗi ya kwashe ya sa sunansa. Tsoron yana da tushe. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron, suka sanar da duniya nan take, sakayyar da aka yi musu ita ce rufe wa ƙasashensu ƙofa, har Ingila ta haɗa da Najeriya a Disamba. Ga kuma kuɗin buga maƙala da wasu mujallu ke nema, dubban daloli, abin da ya fi albashin malami na watanni. Duk da haka ɓoyewa ba ta kare kowa. Aikin da aka ɗora a rumbun jami'a da suna da kwanan wata ya fi wuyar sata a kan wanda ke cikin kwali. Lambar ORCID, wadda ake buɗewa kyauta cikin 'yan mintuna, tana ɗaure kowane aiki da mai shi, abin da ke da muhimmanci a wurinmu inda Muhammad Sani ko Aisha Abubakar za su iya kai goma a tsangaya guda. Mujallu da dama kuma suna yafe kuɗin ko su rage ga wanda ya nema.

Roƙona ga shugabannin sassa shi ne, kada a sa hannu a kundin kowa sai ya miƙa kwafin kwamfuta da za a ɗora a rumbun jami'a, an cire sunaye da lambobin katin marasa lafiya. Tsofaffin kundayen da ke kan kanta kuma a fara ɗaukar hotonsu, a soma da na sikila, sanƙarau, gubar dalma da mutuwar mata wajen haihuwa, tun kafin gara da yoyon damina su gama da su.