Bulokcen ba ya shinshina buhu

Kwanakin nan duk taron harkar noma da ka leƙa sai ka ji ana cewa bulokcen ne zai nuna mana asalin abincin da muke ci. Ina son fasahar nan, amma yadda ake tallata ta yana damuna ƙwarai.

Ga wanda bai sani ba, bulokcen kundin rajista ne da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci da yawa, abin da aka rubuta ba mai iya goge shi a ɓoye. Hujjar da kowa ke kafawa ita ce gwajin da katafaren kamfanin kantuna Walmart da kamfanin kwamfuta IBM suka yi a Amurka: gano gonar da mangwaro ya fito, wanda a da yake cin kusan kwana 7, ya koma daƙiƙa 2.2. Haka ne. Sai dai Walmart giwa ce a kasuwa, a 2018 ta umarci masu kawo mata ganye su shiga tsarin, dole suka bi. Wa ke da wannan ƙarfin a Dawanau?

Ku bi buhun wake ɗaya ku gani. Ɗan sari ya shiga kasuwar ƙauye, ya auna tiya biyar a wajen wannan, kwano goma a wajen wancan, ya juye duka a buhu guda. Kafin mota ta sauke a Kano an sake gaurayawa, an sake ɗinki. Gonar wa za a rubuta? Kuma wa zai rubuta, manomin da sai ya hau tudu yake samun sabis?

Babban abin ma ba nan yake ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari, irin fiya-fiyar da wasu ke zubawa a sito. Wanda ya zuba ba zai ɗauki waya ya rubuta "na zuba" ba. Zai rubuta lafiya lau, bulokcen kuma ya adana ƙaryar nan daram, har a riƙa nuna ta a matsayin shaida. Wannan ne ke ba ni tsoro, don 'ya'yanmu ne ke cin ƙosan.

Ga kuma sirrin kasuwa. Wane dillali ne zai bayyana inda yake saro kaya abokin gogayyarsa na kallo? Ko kamfanin jiragen ruwa Maersk da IBM, duk kuɗinsu, a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe TradeLens, bulokcen ɗinsu na bin sawun kaya, saboda kamfanonin jiragen ruwa ba su shigo yadda ake so ba.

Da ni ke riƙe da kuɗin, da ɗakin gwaji zan fara kafawa a bakin kasuwa, in sauƙaƙa wa manoma farashin buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, in sa a riƙa ƙara wa mai tsabtataccen wake kuɗi a kan kowane buhu. Sakamakon gwajin nan shi zan so a fara sakawa a bulokcen, da lambar buhun da ranar da aka gwada.